Tambayoyinku: In nome hakin ko in bar wa tsuntsaye?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Bayan ɗakina ya cika da haki tun tsakiyar damina, har da gasaya da zaki-banza suna ta fure. Maigida ya ce a nome, wai maƙwabta za su ce ƙazanta ce, ga tsoron maciji. Ni kuwa kurciyoyin da ke sauka wurin da sassafe suna burge ni. Yaya zan yi?
Daga wata mai karatu a Tawa

Amsa: Hajiya, ki bari, amma ba duka ba. Furen da kike gani yanzu bai zama abinci ba tukuna. Sai ya bushe ya zuba iri, wajen watan Oktoba, sannan kurciya da gwara da kabare su samu na tsinta. Wanda ya nome a Satumba, ya zubar da tuwon ne tun yana kan wuta. A Adar kuwa, wato yankin Tawa, ruwa na ɗaukewa kusan wata 8, irin da ya zube ƙasa shi ne guzurinsu har bazara.

Ki ware kusurwa guda nesa da ƙofar ɗaki, ki bar burburwa da gude-gude da kyasuwa da zaki-banza. Gasaya ki tsinki ganyenki na kwaɗo, ki bar ƴan ƙwarori su yi ƴaƴa. Ƙarangiya dai, ko da yake kakanninmu sun sussuke ta sun ci a shekarun yunwa, ba zan ce a bar ta inda yara ke yawo ba takalmi ba. Ƙuduji kuma, hakin nan mai kashe gero da dawa, kada ki yi masa sassauci: ki tuge shi kafin ya yi iri ki ƙone, don tushe ɗaya na zubar da dubban ƙwayoyi, kuma suna iya jira cikin ƙasa fiye da shekara 10.

Maganar maigida tana da hujja. A share taki biyu tsakanin hakin da bango, a kwashe tarin bulo da itace, nan ne maciji ke fakewa. In hunturu ya kama, kada murhu ya kusanci wurin.

Ki ajiye kasko da ruwa a inuwa, a sama kaɗan saboda kyanwa, ki riƙa zubar da shi kina wankewa bayan kwana biyu don kada sauro ya ƙyanƙyashe. A watan Afrilu za ki ga tsuntsayen sun fi rububin kaskon a kan hakin. Akuya fa, in kina da ita, sai an yi shinge.