Hukuncin marin ma'aikacin jinya a sashen gaggawa

Tambaya: Malam, a damina muka kai ɗan ƙanena wani asibiti a nan Maradi cikin dare, zazzaɓin cizon sauro ya kai shi ga jijjiga. Mai jinyar da ke aiki ya bar mu, ya nufi wani ɗan kabu-kabu da aka shigo da shi jina-jina. Kafin ya juyo yaron ya cika. Ƙanena ya shaƙe masa wuyan riga, ya kwaɗa masa mari. Yana da zunubi, alhali zafin rashi ne?

Amsa: Allah Ya sa yaron ya zama mai ceto, Ya ba ku haƙuri.

Abin da ƙanenka ya yi haramun ne. Manzon Allah (SAW) ya ce Musulmi shi ne wanda Musulmi suka kuɓuta daga harshensa da hannunsa. Zafin rashi ba ya ɗauke wannan, sai in hankali ya gushe sarai. Bukhari da Muslim sun ruwaito Annabi ya tarar da wata mata tana kuka a bakin kabari, ya ce mata haƙuri yana wurin bugun farko. Wannan daren shi ne bugun farkon naku.

Ɗan'uwa, a sashen gaggawa ba bin layi ake yi ba. Wanda ya fi kusa da halaka ake fara tarba. Jijjiga ma gaggawa ce, ban raina ta ba, amma mutum ɗaya da hannu biyu, ga jini na zuba, ga yaro na shure-shure, dole ya zaɓa cikin ƙiftawar ido. Daga Agusta zuwa Oktoba kowa ya san yadda yara ke cika ɗakunan nan. Kuma sa'ad da aka riƙe wa mai jinyar riga, wa ke danne jinin ɗan kabu-kabun?

Ban wanke ma'aikata duka ba. Akwai mai tsawa, akwai mai latsa waya majiyyaci na nishi. In sakaci ya tabbata, malamai sun ɗora wa likita lamuni, har diyya in kurensa ya kashe rai. Sai dai masana aikin ne ke tabbatar da sakaci a gaban hukuma, ta hanyar shugaban asibiti ko alƙali. Uban da ke cikin ɗimuwa ba ya zama mai ƙara kuma mai zartarwa.

A mazhabar Malikiyya babu ƙisasi a mari, hukuma ce ke ladabtarwa. Ibn Taimiyya yana ganin a rama. Ko ta wace fuska haƙƙin bawa ne, istigfari kaɗai bai sauke shi. Ka ɗauki ƙanenka da wani dattijon unguwa ku je ku nemi afuwar mutumin. In an ji masa ciwo ku biya magani, in ya kai ƙara kwamisariya, wato ofishin 'yan sanda, ku amsa kira.

Wallahu a'alam.