Ina son sayen gida a ƙauyukan Kura, me zan duba?

Tambaya: Ni ma'aikaci ne a Kano, kuɗin haya ya ishe ni. Wani dillali ya nuna mini gida mai arha a ɗaya daga ƙauyukan da ke tsakanin Kura da Bunkure. Me ya kamata in bincika kafin in biya?

Amsa: Malam, kafin ka duba katanga ko rufi, fara tambayar yadda gidan ya zo hannun mai sayarwa. Yawancin gidajen ƙauye na gado ne, kuma da yawansu ba a raba ba. Babban wa yakan tsaya ya yi ciniki shi kaɗai, alhali akwai ƙanwa da ke aure a wani gari da ƙane da ya tafi ci-rani. Ranar da suka dawo, kai za ka tsaya gaban alƙali. A mazhabar Malikiyya wanda ke da rabo a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufu'a, wato ya mayar maka da kuɗinka ya karɓi kason da ka saya. Wanda ke gari kuma ya san da cinikin, haƙƙinsa na shufu'a yakan faɗi bayan kimanin shekara guda, amma na matafiyi yana nan har ya dawo. Don haka ka nemi takardar rabon gado daga kotu, ko kuma kowane magaji, mace da namiji, ya sa hannu. Wannan ba na sassauta shi ko da dillali ya rantse.

Sai takarda. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, amma a wuraren da ba a ayyana su a matsayin birni ba, ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallaka na gargajiya, kuma sai da amincewarta ake sauya hannu. Sa hannun mai unguwa da dagaci shaida ce mai ƙarfi, kada ka yi ciniki ba su, sai dai ba ta maye gurbin takardar ƙaramar hukuma. A zagaya iyaka da maƙwabta a tsaye, a tabbatar ba a ci burtali ko gefen maƙabarta ba.

Yankin da ka ambata na noman rani ne, ruwan madatsar Tiga ke ratsa shi ta magudanai. Albarka ce ga shinkafa da tumatir, amma gidan da ke kusa da fadama yakan sha danshi, ga sauro. Ka je a watan Agusta, bayan an sheƙa ruwa. Dubi gindin katanga: in ka ga farin gishiri-gishiri ko ƙasa na zubewa in ka taɓa, ruwa na cin ginin daga ƙasa. Leƙa rijiya, ka ga tazararta da masai. Ka kuma bi hanyar da ke fita zuwa titin Zariya a kan babur ranar, don nan za ka riƙa bi kullum, kuma kuɗin mai na iya cinye abin da ka tsira da shi na haya.

Shawarata, ka kama hayar ɗaki a garin damina guda tukuna. A masallaci da wurin jana'iza za ka ji tarihin gidan da dillali ba zai faɗa maka ba.