Me ya sa fim ɗin kashe-kashe yake ba ni dariya?

Tambaya: Malam, na kalli fim ɗin Fargo na 1996. Ana ta kashe mutane amma ni ina ta dariya, har kunya ta kama ni. Abokina ya ce wasa ake yi da salon "nuwar". Mene ne wannan salon? Kuma da gangan aka sa dariyar, ko zuciyata ce ta bushe?

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, zuciyarka lafiya ƙalau take. Joel da Ethan Coen, 'yan'uwan da suka shirya fim ɗin, dariyar nan suke nema daga gare ka, har da kunyar da ta biyo baya.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu fina-finan Amurka suka sake shiga Faransa. A 1946 wani mai sharhi, Nino Frank, ya lura cewa wasunsu sun yi duhu a hoto da kuma a labari, sai ya kira su fim nuwar, wato baƙin fim. Yawanci ana lissafa zamaninsu daga The Maltese Falcon na 1941 zuwa Touch of Evil na 1958. Daraktoci irin su Fritz Lang da Billy Wilder, waɗanda suka baro Jamus da hawan Hitila mulki, su suka taho da wannan wasa da haske da inuwa. Za ka ga birni cikin dare, titi a jiƙe, hayaƙin taba, ɗan bincike da duniya ta ishe shi, da kyakkyawar mace mai jan namiji zuwa halaka. Tun daga 1934 dokar tace fina-finai ta Hollywood ta hana mai laifi ya sha, saboda haka kowa ya san ƙarshensa ba kyau. Duk da haka yana da kwarjini, yana da wayo, bakinsa da zaƙi.

Wannan kwarjinin Fargo ya tuɓe wa laifi. Maimakon dare, sai farin ƙanƙara na jihar Minesota da rana tsaka, fili fetal babu wurin ɓuya. Maƙullin makircin kuwa Jerry ne, dillalin motoci da bashi ya yi wa katutu, ya ɗauki mutum biyu haya su sace matarsa don surukinsa attajiri ya biya fansa. Ya ce musu dala 80,000 za a karɓa, shi kuwa dala miliyan 1 ya nema. Ka tuna wurin da ya tsaya yana gwada yadda zai sa murya ta tashin hankali kafin ya buga wa surukin waya? Yana ta sake jimlar, yana neman wadda ta fi kama da kuka, alhali an riga an tafi da uwar ɗansa. Ka yi dariya domin ya ba ka tausayi da takaici lokaci guda.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda Carl, ɗaya daga cikin masu satar matar, ya binne jakar kuɗin fansar cikin ƙanƙara a gefen shinge. Ya duba dama, ya duba hagu, shingen iri ɗaya ne har iyakar gani, sai ya kafa ɗan jan abin kankare gilashin mota a matsayin alama. Mutumin da ya ɓoye fiye da dala 900,000 ya koma yana jayayya da abokinsa a kan rabon mota guda, kuma a kan wannan gardamar aka sare shi da gatari. Rai 7 suka salwanta, kuɗin kuma ba wanda ya ci.

Sannan ga Marge, shugabar 'yan sandan garin Brainerd, mai ciki wata 7, mai fara'a da ladabi, wadda ba ta bayyana sai fim ya yi kusan rabin sa'a. A tsohon salon mace ce tarko. A nan ita ce mai hankalin, kuma fim ɗin bai taɓa yi mata ba'a ba. Frances McDormand ta ci kyautar Oscar da wannan rawa, rubutun fim ɗin ma ya ci.

Ga ma'aunin da nake amfani da shi: duba wa ake yi wa dariya. Idan wanda aka kashe ne, fim ɗin ya lalace, kuma akwai da yawa irin haka da ba na shawartar kowa ya ɓata lokacinsa a kansu. A Fargo kwaɗayi da wautar masu laifin ake fallasawa, kisan kuwa ana nuna shi da muninsa, ba ado.

Idan kana son ka ga tsohon salon da Fargo yake juyawa, nemi Double Indemnity na 1944, inda ɗan inshora da matar aure suka ƙulla kashe mijinta don kuɗi, sannan ka sake kallon Fargo. Kada kuma rubutun farkon fim ɗin da ya ce labarin gaskiya ne ya ruɗe ka, ƙirƙirarre ne.