Ba aikin kuku ta samu ba, Yaya

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya a gida, har su Inna. Saƙonka na murya ya iso ina ɗauke da fasinja, sai da na sauke shi na saurara, na yi ta dariya ni kaɗai cikin mota. Wai ka ga hoton ƙanwar taka, uwar yarana, da ludayi a hannu tana zuba wa 'ya'yan Turawa dafa-duka, ka ce ashe aikin kuku ta samu a makaranta muka ɓoye, kuma nawa ake biyan ta. Ko sisin kwabo ba a ba ta, aikin sa-kai ne na iyayen yara. Shinkafar ma daga aljihuna ta fito. Na san abin da ke bakinka, don ni ma na faɗe shi a da: a ƙasar da ake biyan aiki da awa, mutum ya bar sana'arsa ya tafi wahalar banza?

Babbar sakandare a nan Amurka shekara 4 ce, daga aji 9 zuwa 12, yaro ya shiga yana da kamar 14 ya fito yana 18. Ta gwamnati kyauta ce, a birnin Niyu Yok har abincin rana ba a biya tun 2017. Kowace makarantar gwamnati a birnin dole ta kasance da ƙungiyar iyaye, kuma da zarar ɗanka ya shiga ka zama ɗan ƙungiya, ko ka ba da kuɗi ko ba ka bayar ba. Ka ga ya sha bamban da namu, inda in aka ce PTA abin da ke faɗo wa uba a rai shi ne an ƙara kuɗi. Akwai kuma wani kwamiti da ke zama da shugaban makaranta duk wata a kan tsarin karatu da yadda za a kashe kuɗi, doka ta ce yawan iyaye a cikinsa ya zo daidai da na ma'aikata. Abin ya daɗe a wurinsu: tun 1897 wasu mata suka kafa uwar ƙungiyar a Washinton.

To mu da muka zo, da tarbiyyar gida muka zo. Ka tuna ranar da Baba ya kai mu makarantar allo? Ya damƙa mu ga malam, ya juya. Daga nan sai kuɗin Laraba da gaisuwar Sallah. Uban da ke yawan leƙa malam, cewa ake yi bai yarda da shi ba. Haka na yi da ɗan farina shekara biyu cur, ina ganin girmamawa ce nake yi wa malamansa. Ashe su kallon da suke mini daban: uban da ba a taɓa ganin ƙeyarsa ba, ai bai damu ba ke nan. Ranar da na je dole, malamar ta zaunar da ni ga yaron a gefe, ta ce in faɗa mata abin da nake alfahari da shi game da ɗana. Yaya, ɗan fari! Wanda ko sunansa ba na kamawa a gaban mutane. Na sunkuyar da kai na ce ai ba laifi. Ta dube ni kamar na aikata wani abu. A zaman nan ne na ji cewa an daɗe da sa shi a ajin lissafi na ƙasa da ƙarfinsa, kuma da wani ya buɗe baki tun farko da an canza masa. Takardu sun zo gida, ni ne ban karanta ba.

Daga ranar uwarsu ta ce ita kam ta daina alkunya da makaranta. Yanzu ita ce ke tafinta. Takardun makaranta suna fitowa da Turanci da Sifananci da Faransanci da Larabci da wasu harsuna, amma babu Hausa. A unguwarmu ta Bronx kuwa ga mutanen Ƙonni da Tawa da Maraɗi, ga Hausawan zangon Kumasi da Ankara, da yawa cikin matan ba su yi boko ba. Ita ke raka su ganin malamai, ta bayyana musu cewa jarrabawar jiha sai yaro ya ci 65 kafin a ce ya haye, ta zauna da su a cike takardar neman tallafin shiga jami'a. Wata dattijuwa 'yar Tawa ta laƙaba mata suna jaji, wai saura malfa kawai ta zama cikin 'yan tarun Nana Asma'u masu zagayawa suna karantar da mata. Ni kuma nawa bai wuce ɗaukar kaya a mota ba, da raka yara in za su fita ziyara, sai tsayuwa bakin ƙofa ranar taro.

Ka ce me ake samu? Hutun Sallah. A 2006 an sa jarrabawar jiha ranar Babbar Sallah, yaran Musulmi suka rasa ta yi, ko Idi ko jarrabawa. Iyaye da masallatai da ƙungiyoyi suka haɗa kai suka yi ta zarya. Majalisar birni ta goyi bayansu a 2009, magajin garin lokacin ya ƙi. Sai a 2015 magajin garin da ya gaje shi, Bill de Blasio, ya sanar cewa za a riƙa rufe makarantun gwamnati ranar Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah. Shekara 9 ana abu ɗaya. A makarantar yaranmu ma, ɗakin da suke sallar azahar da wurin da masu azumi ke zama lokacin cin abinci, a taron iyaye aka roƙe su, kuma wadda ta roƙa fuskarta sananniya ce a wurin.

Kada ka ɗauka komai daidai yake. Akwai makarantun unguwannin masu hali inda iyaye ke tara sama da dala miliyan 1 a shekara, mu kuwa sai an sayar da abinci an yi ta roƙo kafin a haɗa na motar ziyara. Taron kuma yakan faɗo da yamma, daidai lokacin da mai tasi ke samun kasuwa, shi ya sa in ka shiga zauren mata ne suka fi yawa. Cikinmu ma ba a rasa saɓani. Bikin rawar da 'yan ajin ƙarshe ke yi kafin su fita, wasu sun ce ba ruwansu da duk ƙungiyar da ke tara masa kuɗi, wasu suka ce gara a shiga a san abin da ake ciki. Har yau ba a daidaita ba, ni ma ban bar tawa 'yar ta je ba.

Game da ko zai yiwu a Sakkwato, ai aikin gayya ba baƙonmu ba ne, kuma kwamitocin SBMC, na al'umma masu sa hannu a tafiyar da makaranta, suna nan a makarantunku. Kai da ka shekara 20 da alli a hannu ka fi ni sanin iyaye nawa ke zuwa in ba ranar ziyara ba, da kuma yadda malamai za su ji in uba ya ce a nuna masa lissafin kuɗi. Ina son jin naka a kan wannan.

Wata mai kamawa akwai ranar al'adu, ƙanwar taka ta ce tuwo da miyar kuka za ta kai. In an samu mai tahowa a ba shi kuka da daddawa da yaji. Kada a sa kilishi, a filin jirgi za su ƙwace shi kamar na bara. A gaida Inna da kyau.