Filin Tambaya: Sai an zub da jini ne Allah yake yafewa?

TAMBAYA: Baba, barka da aiki. Ni Kirista ce tun haihuwa, amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Wata abokiyar aikina ta tambaye ni, in har Allah mai jinƙai ne, me ya sa sai da Yesu ya mutu kafin a gafarta mana? Ta ce ita in ɗanta ya yi mata laifi ya ba ta haƙuri, magana ta ƙare, ba ta neman a yanka komai. Na rasa ta cewa. Da na koma gida na buɗe Littafi Mai Tsarki a Ibraniyawa 9:22, na ga an ce in ba a zub da jini ba babu gafara. Amma a Markus sura 2 Yesu ya ce wa shanyayye an gafarta zunubansa, alhali ba a gicciye shi ba tukuna. Wanne zan kama?
Daga wata 'yarka mai karanta wannan shafi.

AMSA: 'Yata, ki gaishe mini da abokiyar aikin nan taki. Tambayarta ta kirki ce, kuma manyan malaman ikilisiya sun kwana a kanta tun kafin a haifi kakannin kakanninmu.

Mu fara da ayar da ta ɗaure miki kai. Ki sake karanta ta daga farko, kada ki ɗauko wutsiyarta kawai. Marubucin ya ce bisa ga Shari'a kusan kowane abu da jini ake tsarkake shi. Kalmar nan "kusan" ba ado aka sa ta ba. A Littafin Firistoci sura 5 an yi wa mai zunubi matakai gwargwadon ƙarfinsa. Mai hali ya kawo tunkiya ko akuya. Wanda bai kai nan ba ya kawo kurciyoyi biyu ko 'yan tattabarai biyu. Wanda ko tsuntsayen sun fi ƙarfinsa ya kawo lallausan gari, kashi ɗaya cikin goma na ma'aunin da suke kira efa, firist ya ƙone danƙi guda a kan bagade, a gafarta masa. Gari dai ba shi da jini. Ranar da na fara lura da wannan na daɗe zaune ban juya shafi ba, domin ya nuna mini ba a taɓa rufe wa talaka ƙofa don ya rasa abin yanka ba.

Sannan ga Dawuda. Ya ɗauki matar Uriya, ya sa aka kashe mijin a bakin daga. Hadayun zunubi na Littafin Firistoci sura 4 na laifin kuskure ne, nasa kuwa da ido biyu ya aikata. Da annabi Natan ya tsare shi, ya ce ya yi wa Ubangiji zunubi, nan take Natan ya ce Ubangiji ya kawar da zunubinsa. A Zabura 51 shi da kansa ya ce da hadaya Allah yake so da ya bayar, abin da Allah ba ya rainawa shi ne karyayyar zuciya. Yusha'u, Mika da Ishaya duk sun yi wa mutanensu irin wannan tsawa. Saboda haka duk wanda ya ce miki Allah na Littafi Mai Tsarki ƙishin jini yake ji, bai karanta annabawa ba.

To, jinin na mene ne? Amsar tana Littafin Firistoci 17:11: ran mai rai yana cikin jininsa, kuma Allah ya ce shi ne ya ba su jinin a kan bagade domin kafara. Ki riƙe wannan da kyau, shi ne ya bayar. Al'ummai da yawa na wancan zamani suna yanka ne don su lallashi allolinsu, kamar mai kai toshiya. A nan kuwa wanda aka yi wa laifin ne ya tanadi hanyar shiri. Haka a Farawa sura 22, Ibrahim ya ɗaga wuƙa a kan Ishaku, sai ga rago da ƙahoninsa sun sarƙe a kurmi. Ba Ibrahim ne ya zo da ragon ba.

Mutumin da ya kawo dabba yakan ɗora hannunsa a kanta, ya yanka ta da kansa, yana kallo ranta ya fita. Wanda ya yi haka sau ɗaya ba zai ƙara ɗaukar zunubi abin wasa ba. A Ranar Kafara, goma ga watan bakwai, babban firist yakan shiga Wuri Mafi Tsarki, wato ɗakin can ciki na wurin sujada, a wannan rana kaɗai cikin shekara. Sai ya fara yanka bijimi domin laifin kansa tukuna. Akan kawo bunsuru biyu a jefa ƙuri'a: a yanka ɗaya a yayyafa jininsa a murfin akwatin alkawari, ɗayan kuma a furta zunuban jama'a a kansa a kora shi jeji. Baɗi a sake. Wannan maimaici shi ne hujjar marubucin Ibraniyawa a sura 10, inda ya faɗa ba kwana-kwana cewa jinin bijimai da awaki ba ya iya ɗauke zunubi. Da ya warkar, da ba a koma ba.

Yanzu ga maganar uwa da ɗanta. Bari in ba ki labarin kaina. Shekarun baya wani da na amince da shi ya ranci kuɗin da na tara domin makarantar yarana, ya yi alkawarin wata biyu. Aka shekara. Daga bisani ya zo da hawaye, kasuwa ta cinye, ba shi da ko sisi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, sai na ce masa ya je na yafe. Ya tafi da farin ciki. Amma makaranta ba ta san da wannan yafiya ba, sai da na sayar da babur ɗina, na yi wata da watanni ina takawa a ƙasa. Bashin bai ɓace ba, komawa kaina ya yi. Uwar da ta ce wa ɗanta ta yafe, ita ma haɗiye ɓacin ran ta yi, ita ta kwana da shi. Ban taɓa ganin yafiyar da ba wanda ya ɗauki nauyinta ba.

Abin da Kirista yake faɗa game da gicciye ke nan. Ba mu ce Allah ya kama wani bawan Allah can gefe ya huce fushinsa a kansa ba. Wannan zalunci ne, kuma in haka aka gaya wa abokiyarki, tana da gaskiya ta ƙi. Bulus ya rubuta a 2 Korintiyawa 5:19 cewa Allah ne cikin Almasihu yake sulhunta duniya da kansa. Yesu ma ya ce a Yahaya 10:18 ba mai ƙwace ransa, shi yake bayarwa don kansa. Mai bin bashin ne ya biya. Misalin babur ɗina gajere ne, na sani, domin kuɗi na rasa, nan kuwa maganar rai ake yi.

Shanyayyen nan na Markus sura 2 fa? Romawa 3:25 ta ce Allah cikin haƙurinsa ya jingine zunuban da aka yi a dā. Yadda Kiristoci suka fahimta, gafarar Dawuda da ta shanyayyen da tamu duk daga rijiya ɗaya aka ɗebo su, wasu kafin gicciye, wasu bayansa. Wanda ya ce wa shanyayyen an gafarta masa ya san inda ya dosa.

Kada ki yi mamaki in kin ji malamai suna bayanin nan ta fuska daban-daban. Wasu na farko sun ɗauki kalmar fansa ta Markus 10:45 suka ce Shaiɗan aka biya. Anselm na Kantabari a Ingila, cikin littafin da ya kammala a 1098, ya ƙi wannan: ya ce mutum ne ya ci bashin girman Allah, Allah ne kaɗai mai ikon biya, shi ya sa sai wanda yake Allah kuma mutum. Abelad a Faransa, jim kaɗan bayansa, ya fi jaddada ƙaunar da gicciye yake nunawa har ta narkar da zuciyar mai zunubi. Kalbin, ɗaya daga cikin jagororin gyaran ikilisiya a ƙarni na 16, ya tsaya a kan cewa Almasihu ya ɗauki hukuncin da ya cancance mu. Ni dai ina ganin Abelad shi kaɗai bai ƙoshar ba, domin mutuwar da ba ta ceci kowa ba wace irin ƙauna za ta nuna? Shaidar Bangaskiyar Manzanni kuwa, wato taƙaitaccen furcin bangaskiya da ake karantawa a ikilisiya, ta ambaci gicciye da gafarar zunubai, ba ta ɗaure ki ga bayanin malami ɗaya ba.

TAMBAYA: Malam, na ci amanar wani a kan dukiya, abin ya hana ni barci. Wani ya ce in yanka dabba in roƙi gafara. In yi?
Daga wani ɗan'uwa.

AMSA: Ɗan'uwa, bar dabbar ta ci ciyawarta. Ibraniyawa 10:18 ta ce inda aka gafarta babu sauran hadaya domin zunubi. Hadayun Haikalin Urushalima ma sun tsaya tun da Romawa suka rushe shi a shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu, kuma ikilisiya ba ta kafa wani bagaden yanka a madadinsa ba. Ko a lokacin da ake yankan, Littafin Firistoci sura 6 ya ce wanda ya ci amana ya mayar da abin, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai, ban da ragon da zai kawo. Mutumin nan Zakka mai karɓar haraji, a Luka sura 19, ninki huɗu ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta. Ka furta laifinka ga Allah yau da dare. Gobe ka lissafa abin da ka ci, ka nemi mutumin ido da ido, in ba za ka iya biya gaba ɗaya ba ku yanka wa'adi. Kuɗin dabbar ka sa shi cikin kason farko.