Ganyen kabeji da tsutsar saiwa: amsoshin tambayoyin manoma

Wani manomin rani daga Kadawa ya aiko yana cewa tumatirinsa na yin yaushi da rana ko da ya sha ruwa, in ya tumɓuke sai ya tarar saiwar duk ta yi gudaji. Ya ji an ce binne ganyen kabeji yana maganin wannan, shi ne yake tambaya ko gaskiya ne.

Malam, gudajin nan aikin wata tsutsar ƙasa ce da ido ba ya iya gani, masana na ce mata nematod. Maganar kabejin kuma tana da tushe, sai dai galibin masu yi suna kuskure a wuri ɗaya. Kabeji da danginsa suna ajiye abubuwa biyu a jikinsu, kowanne a ɗakinsa. Ɗaya sinadari ne da ake kira gulukosinolet, ɗayan kuma mirosines, wanda wani Bafaranshe mai suna Bussy ya fara ganowa a ƙwayar mastad, wata shuka dangin kabeji, wajen 1840. Muddin ganyen lafiya lau yake, ba sa haɗuwa. Da zarar an yanka shi ko an tauna, sai su gamu, mirosines ya farfasa ɗan'uwansa, wani iska mai yaji ya fito. Shi ne warin da ke bugun hancinka in ka murje ganyen a tafin hannu. Ka taɓa tauna 'ya'yan gwanda ko saiwar zogale? Yajin nan da ka ji duk aikinsa ne, don gwanda da zogale da gasaya dangin kabeji ne na nesa.

To, wannan iskan shi ke kashe tsutsar, kuma ba ya daɗewa. Wanda ya tara ganye a bakin gona ya bari ya kwana uku a rana, sannan ya binne shi ɗungurungum, taki kawai ya zuba. Ka sami ɗanyen ganye, ka sassara shi da adda ƙanana ƙanana, iyakar yadda za ka iya. Kana gamawa ka kafce shi cikin fangalin, zurfin kamar taƙi guda, kada ka ce sai ka dawo daga kasuwa. Nan take ka ba shi ruwa, saboda mirosines ba ya aiki a bushe. In kana da leda ka lulluɓe fangalin ka danne bakinta da ƙasa, zafin ranarmu ma zai taya ka aiki. Ka jira mako biyu zuwa uku kafin dashe, in ba haka ba abin da ka haɗa wa tsutsa shi zai ƙone maka dashen tumatir.

Amma fa kada in ruɗe ka. Kabejin da muke nomawa an daɗe ana zaɓensa don daɗin ci, yajinsa kaɗan ne. Manoman Ostareliya da Italiya da suka riƙi wannan dabara, mastad na Indiya suke shukawa musamman, su sare shi yana fure. Da kabeji, ragi za ka samu, kuma sai ganyen ya yi yawa. A ganina ka fara da fangalin reno, inda ɗan ganye zai wadatar. Babbar gona kuwa, ka hutar da ita daga tumatir da kuɓewa ka sa masara ko dawa. Sannan fangalin da za ka sake sa kabeji, kada ka binne masa ganyen kabeji, don cutar da ke baƙanta jijiyar ganye tana kwana a cikin ragowar.

Wani kuma daga Jos ya ce, in dai kabeji na da wannan makami, yaya aka yi 'yar koriyar tsutsar nan take mayar masa da ganye kamar rariya?

Ai kowane gauta ja ne sai dai in bai sha rana ba, ita wannan ta riga ta san sirrin gidan. A cikinta akwai wani sinadari da ke sauya gulukosinolet tun kafin mirosines ya kai gare shi, sai ta ci ganyen ba yaji. Abin haushin ma, ƙanshin kabejin ne ke jan uwarta ta zo ta sa ƙwai. Saboda haka kada ka dogara da yajin. Ka riƙa ɗaga ganye kana duba bayansa sau biyu a mako, ka daina maimaita magani iri ɗaya, domin tsutsa ce mai saurin sabawa da maganin feshi. Ruwan 'ya'yan darbejiya yana taimakawa in an fara da wuri.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi ta tambaya ko za ta iya ba awakinta ganyen da ake yarwa a kasuwa. Hajiya, ki ba su, amma kaɗan kaɗan, tare da harawa ko dusa. In suka mayar da shi abincin kullum yakan jawo ƙarancin jini, yakan kuma hana jiki amfana da aidin har maƙoƙo ya fito, musamman ga 'yan awakin da za a haifa. Ki tsince wanda ya ruɓe, ki kuma wanke sauran, don ba ki san ranar da aka yi masa feshi ba.

Mai tambaya a kan ɗacin kabejin bazara: zafi da ƙishirwa ne ke sa shukar ta tara sinadarin gulukosinolet, haka ma taki mai farar wuta in ya yi yawa. Ka riƙa ban ruwa a kan kari, ka kuma yi dashe da wuri yadda zai ƙulla kai cikin hunturu.