Me ya sa jirgin ƙasa ya tsaya a Ngaundare?

Ɗan'uwa daga Garwa ta arewacin Kamaru, ka tambaya me ya sa dogo bai iso mana ba, alhali ya kai Kano tun 1911.

Turawa ba don matafiya suka shimfiɗa shi ba, don kwasar kaya zuwa bakin teku ne. Jamusawa sun haɗa Bonaberi, tsallaken kogi daga Duwala, da garin Nkongsamba a 1911, inda gonakinsu suke. Faransawa suka kai layin Duwala zuwa Yawunde a 1927 da aikin tilas, mutane da yawa suka mutu a kansa. Mu kuwa aka bar mu da kogin Binuwai: a da jiragen ruwa sukan ɗauki gyaɗa da auduga daga Garwa, amma sai da damina in ruwa ya cika.

Kada ka ce Baturen mulkin mallaka ne ya kai dogo Ngaundare, da yawa suna wannan kuskuren. Sai 1974 ya isa, bayan 'yancin kai. Je ka bakin tashar ka gani: manyan motoci jere suna jiran kayan Njamena, ga 'yan dako, ga masu tuwo. Garin ya cika da baƙi, Chadi kuwa har yau ba ta da dogo.

In rubutun makaranta kake yi, nemi malaman tarihi na jami'ar Ngaundare su nuna maka takardun zamanin Jamus.